Amanar Sirrin Lafiyar Ma'aikaci: Hukuncin Adana Bayanan Asibiti a Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai

Bismillahir Rahmanir Rahim

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Wannan bayani ya shafi duk wanda sakamakon awon wani ko katinsa na asibiti yake bi ta hannunsa a wurin aiki: likitan da kamfani ya ɗauka, da nas ɗin ɗakin shan magani, da ma'aikacin ɗakin awo, da magatakardan ofishin ma'aikata, da mai kula da kwamfutoci, da manaja, har da shi kansa mai kamfanin. An ɗauko misalai daga unguwannin masana'antu na Kano, amma hukuncin ɗaya ne a makaranta ko banki ko ma'aikatar gwamnati.

Taƙaitaccen hukunci

Duk abin da ma'aikaci ya gaya wa likita, da duk abin da awo ya nuna a jikinsa, sirrinsa ne, kuma amana ce a wuyan wanda ya sani ta hanyar aikinsa. Haramun ne a bayyana shi ba tare da izinin mai shi ko wani dalili na shari'a ba. Biyan kuɗin awo bai mallaka wa kamfani sakamakon ba. Haƙƙin kamfani shi ne ya san ko mutumin zai iya aikin ko ba zai iya ba. Tsare wannan amana ya haɗa da kame baki, da kulle kabad, da kulle kwamfuta da waya, domin sakaci wajen ajiya shi ma cin amana ne. Idan ɓoyewa za ta jawo cutar da ta fi ta bayyanawa girma, to sai a gaya wa wanda ya kamata ya sani, gwargwadon buƙata kawai. Sannan bai halatta a fake da sirri a ɓoye ciwon da aikin kamfani ya jawo wa ma'aikaci don a danne masa haƙƙi ba.

Yadda bayanan lafiya suke taruwa a masana'anta

Kano tana da manyan unguwannin masana'antu uku da suka fi shahara. Bompai, a ƙaramar hukumar Nasarawa, ita ta fi daɗewa, don an fara kafa kamfanoni a cikinta tun kafin Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960. Sharaɗa, wadda aka yanka kashi uku, da Challawa da ke ƙaramar hukumar Kumbotso kusa da kogin Challawa, sun bunƙasa ne bayan an ƙirƙiri jihar Kano a 1967. A waɗannan wurare ake da kamfanonin jimar fata, da na roba da tabarmi, da na saƙa, da na man girki, da na lemo da alawa da biskit, da na katifa da sabulu. Da yawa sun rufe saboda matsalar wutar lantarki da kwararowar kayan waje, amma waɗanda suka rage har yau suna ciyar da gidaje masu yawa.

Aikin masana'anta aikin jiki ne, shi ya sa ba ya rabuwa da likita. Tun ranar ɗaukar aiki ake fara tara bayani, domin Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 8, ta ce likita mai rajista ya duba ma'aikacin da zai shiga yarjejeniyar aiki, mai ɗaukar aikin kuma shi zai biya. Masu aiki a kamfanonin abinci da abin sha ana yi musu awo lokaci-lokaci bisa sharuɗɗan hukumar NAFDAC. Wasu kamfanonin suna da ɗakin shan magani a ciki, wasu kuma sun ƙulla yarjejeniya da wani asibiti da ke duba ma'aikatansu ya aiko da takardar kuɗi. Ga takardun hutun rashin lafiya da na haihuwa, ga rahoton hatsari idan inji ya kama hannun wani, ga bayanan da ake aika wa kamfanonin inshorar lafiya, musamman tun da dokar 2022 ta mayar da inshorar lafiya wajibi a ƙasar. Sannan ga cututtukan da aikin kansa yake iya haifarwa: sinadarin kuromiyom da ake jima da shi yana iya cin fata ya taɓa numfashi, ƙurar auduga tana taɓa huhu, ƙarar inji kuma tana rage ji sannu a hankali.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi a nan abu biyu ne. Na farko, da yawa daga cikin ma'aikatan na wucin gadi ne, ana biyansu a kullum ko a mako, kuma kalma ɗaya ta "kada ka zo gobe" ta isa ta raba mutum da abincinsa. Na biyu, ma'aikatan unguwa ɗaya suke komawa, irin su Ja'en da Panshekara da Dakata da Kawaji, masallaci ɗaya, majalisa ɗaya. Maganar da ta fita daga ofis da hantsi, kafin isha'i ta isa gidan surukai. Mutumin da aka ce yana da ƙanjamau, ko farfaɗiya, ko ciwon hanta, ko an taɓa kai shi Dawanau, zai iya rasa aiki da aure da mutunci a mako guda, ko da kuwa ciwon nasa ba ya hana shi aiki kuma ba ya cutar da kowa.

Dalilai daga Alƙur'ani da Sunna

A Suratun Nisa'i, aya ta 58, Allah Maɗaukaki ya yi umarni da a mayar da amanoni ga masu su. A Suratul Anfal, aya ta 27, ya hana muminai ha'intar amanoninsu alhali suna sane. A Suratul Mu'minun, aya ta 8, ya sanya kiyaye amana da alƙawari cikin siffofin masu rabauta. Malamai sun bayyana cewa amana ba ta tsaya ga dukiya ba, ta haɗa da maganar da aka ba mutum ajiya.

A Suratul Hujurat, aya ta 12, an haɗa hani biyu: leƙen asirin mutane da yi da su. Waɗannan biyun su ne ainihin abin da yake faruwa da fayil ɗin mara lafiya. Wanda ya buɗe fayil ɗin da ba ruwansa da shi ya yi leƙen asiri, wanda ya faɗi abin da ya gani a ciki kuma ya yi giba. Kada wani ya ce ai gaskiya ce, domin Manzon Allah (SAW) ya fassara giba da ambaton ɗan'uwa da abin da yake ƙi ko da yana tare da shi, idan kuwa ba ya tare da shi to ƙage ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA).

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ha'intar amana tana cikin alamomin munafiki. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir (RA) cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar ta zama amana. Idan waiwaye kaɗai ya isa ya mayar da magana amana, ina ga wanda ya shiga ɗaki aka ja labule, ya tuɓe riga, ya faɗi abin da ko mahaifiyarsa bai gaya wa ba? Haka nan Muslim ya ruwaito alƙawarin cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri, Allah zai rufa masa nasa duniya da lahira.

Sahabbai sun bar mana misalai. A rashin lafiyar Manzon Allah (SAW) ta ƙarshe ya raɗa wa Nana Faɗima (RA) cewa ajalinsa ya kusa. Nana A'isha (RA) ta tambaye ta abin da aka gaya mata, ta ƙi faɗa, sai bayan ya yi wafati. A lura cewa mai tambayar matarsa ce, amma kusancinta bai buɗe mata sirrin ba. Anas ɗan Malik (RA) yana yaro aka aike shi wata buƙata, mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi, ya ce sirri ne, ita kuma ta ƙarfafa shi kada ya gaya wa kowa. Huzaifa ɗan Yaman (RA) kuwa da riƙe sirrin Annabi (SAW) ya yi suna a cikin sahabbai.

Abin da malamai suka faɗa game da likita

Ibnul Hajj, malamin Malikiyya da ya rasu a Alƙahira a shekara ta 737 bayan Hijira, ya yi magana a kan ladubban likita a littafinsa Almadkhal, littafin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yawaita kafa hujja da shi. A ciki ya bayyana cewa ya kamata likita ya zama amintacce a kan asiran marasa lafiya, kada ya sanar da kowa abin da mara lafiya ya gaya masa, tunda bai yi masa izinin hakan ba.

A zamaninmu, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan mas'ala a taronta na takwas a Bandar Seri Begawan, ƙasar Burunai, a watan Muharram 1414, wato Yunin 1993, ta fitar da matsaya mai lamba 79. Taƙaitawarta ita ce: sirri amana ne, asali haramun ne bayyana shi, wajibcin ya fi ƙarfi a kan masu sana'o'in da tona asiri yake rusa tushensu, kamar aikin likita, ana togace wuraren da cutar ɓoyewa ta fi ta bayyanawa, kuma ya kamata a rubuta waɗannan wurare a dokokin aikin lafiya, a fayyace wa za a gaya wa da yadda za a gaya masa.

Me kamfani yake da haƙƙin sani?

Nan ne aka fi yin kuskure. Mai kamfani yana ganin tunda shi ya biya kuɗin awo, takardar tasa ce. Abin da ya biya shi ne amsar tambaya ɗaya: wannan mutumin zai iya wannan aikin ba tare da ya cutu ko ya cutar da wani ba? Saboda haka abin da ya kamata ya fito daga hannun likita zuwa ofishin ma'aikata ɗaya ne daga cikin uku: ya dace da aikin, ko ya dace bisa sharaɗi kaza, ko bai dace ba a yanzu. Sunan cutar, da sakamakon jini, da magungunan da yake sha, duk su tsaya a wurin likita.

Misali, ma'aikaci mai farfaɗiya da ba a gama shawo kanta ba. Likita zai rubuta cewa kada a sa shi tuƙi, ko aiki a kan inji mai juyawa, ko hawa sama. Wannan ya wadatar wajen kare shi da abokan aikinsa. Haka mace mai juna biyu a sashen da ake aiki da sinadarai, sai a rubuta a canza mata sashe na wani lokaci. Haka mai neman hutun rashin lafiya: Dokar Ƙwadago, sashe na 16, ta ba ma'aikaci albashin kwana har 12 na aiki a shekara idan likita ya tabbatar da rashin lafiyarsa. Abin da takardar take buƙata shi ne tabbacin ba zai iya aiki ba daga ranar kaza zuwa ranar kaza.

A kula da takardar kuɗin da asibiti yake aikowa. Idan ba a yi hattara ba, sai ta zo da sunan ma'aikaci da sunan cutarsa da na maganinsa, ta bi ta hannun masinja da akanta da mai binciken kuɗi. Gyaran wannan mai sauƙi ne: a sa lamba a madadin suna, jerin da ya haɗa lamba da suna kuma ya zauna a wurin likita.

Wuraren da ake bayyanawa

Na farko, izinin mai sirrin. Haƙƙinsa ne, yana iya yafe shi. Amma izinin da aka karɓa da barazanar kora, ko aka sa mutumin da bai iya karatun Turanci ba ya dangwala yatsa ba a fassara masa ba, ba izini ba ne. A gaya masa da Hausa abin da za a faɗa, da wanda za a gaya wa, da dalili.

Na biyu, kare jama'a daga cuta mai yaɗuwa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an sanar da masu iko. Idan aka sami tarin fuka ko kwalara a tsakanin ma'aikata, likita zai sanar da hukumar lafiya, a duba waɗanda suka yi cuɗanya da mara lafiyan. Wannan sanarwa ga hukuma ce, ba a allon sanarwa na bakin ƙofa ba. Tarin fuka yana warkewa da maganin wata shida da ake bayarwa kyauta a cibiyoyin gwamnati, saboda haka babu dalilin da zai sa ya zama sanadin kora. Ƙanjamau kuwa ba ya yaɗuwa ta hanyar aiki tare, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko musabaha, don haka abokan aiki ba su da wani haƙƙi na sani.

Na uku, kare wani mutum takamaimai, kamar miji ko mata. A wancan taro na Burunai majalisar ta bayyana cewa idan ɗayan ma'aurata ya kamu da ƙanjamau, wajibi ne ya sanar da ɗayan. Mataki na farko shi ne likita ya yi masa nasiha ya faɗa da bakinsa. Idan ya ƙi kuma ana tsoron cutarwa, likita ne zai bi hanyar da ƙa'idar aikinsa ta tanada. Wannan ba aikin manaja ko magatakarda ba ne.

Na huɗu, umarnin kotu ko abin da doka ta wajabta, kamar rahoton hatsari.

Ƙa'idar da ta ɗaure duka huɗun ita ce lalura ana auna ta ne gwargwadonta. Imam Nawawi, da yake bayanin wuraren da aka halatta ambaton aibin mutum don nasiha, ya nuna cewa idan taƙaitacciyar magana ta biya buƙata, bai halatta a ƙara da bayani dalla-dalla ba.

Sirri ba mafakar zalunci ba ne

Akwai wani ɓangare da ake mantawa da shi. Bayanan lafiya hujja ce ta ma'aikaci. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa, ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi a asusun diyya. Ta ce ma'aikaci ya sanar da mai aikinsa rauni ko ciwo cikin kwana 14, shi kuma mai aikin ya kai rahoto cikin kwana 7. Dokar Masana'antu ma ta wajabta kai rahoton manyan haɗurra da wasu cututtukan aiki ga jami'an duba masana'antu. Wanda inji ya cire wa yatsu aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Murtala, takardun nan su ne za su tsaya masa ranar neman haƙƙi.

Saboda haka haramun ne a yaga rahoto, ko a canza kwanan wata, ko a matsa wa likita ya rubuta cewa ciwon daga gida aka zo da shi alhali ya san ba haka ba ne. Wannan shaidar zur ce, wadda Annabi (SAW) ya lissafa cikin mafi girman zunubai, kuma Suratul Baƙara, aya ta 283, ta hana ɓoye shaida. Haka nan idan likitan kamfani ya lura ma'aikata da yawa a sashe ɗaya suna zuwa da ciwo iri ɗaya, wajibi ne ya sanar da shugabannin kamfani don a gyara, ta hanyar ba da adadi ba tare da sunaye ba. Kuma duk ma'aikacin da ya nemi kwafin sakamakonsa a ba shi, domin ba a ɓoye wa mutum sirrin kansa.

Yadda ake tsare bayanan a aikace

A babin ajiya, malaman fiƙihu sun ce wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Daga cikin sakaci akwai ajiye abu a wurin da ba a ajiye irinsa. Ba a ajiye zinare a inda ake ajiye itace. Bayanan lafiya suna cikin mafi tsadar ajiya, domin kuɗi idan sun ɓata ana biya, amma magana zarar bunu ce.

Game da takardu: fayil ɗin lafiya ya zauna daban da fayil ɗin aiki, a kabad mai makulli a ɗakin likita, kuma a san waɗanda suke riƙe da makullin. Kada a bar rajistar marasa lafiya a buɗe a kan tebur inda mai jiran layi zai karanta sunan wanda ya riga shi. Kada a ɗaga murya wajen tambaya ko ba da magani. Sakamako ya tafi a ambulan a rufe. Takardun da wa'adin ajiyarsu ya ƙare a ƙone su ko a daddatsa, kada a haɗa su da tsofaffin takardun da ake sayarwa, su ƙare a hannun mai tsire ko mai ƙosai.

Game da kwamfuta: kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa, ba kalma ɗaya da kowa ya sani aka manna a jikin allo ba. Kowa ya ga iyakar abin da aikinsa yake buƙata. Manhajar ta riƙa rubuta wanda ya buɗe kowane fayil da lokacin da ya buɗe. A kulle bayanan da irin kullin da ba mai iya karanta su sai mai mabuɗi, ko da an sace kwamfutar. A riƙa ajiye kwafi a wani wuri daban, musamman da yake ɗaukewar wuta da gobara ba baƙi ba ne a masana'antu. Wanda ya bar aiki a rufe ƙofarsa a ranar. Tsohuwar kwamfuta kuma a goge ta sarai kafin a kai wa mai gyara ko a sayar.

Game da waya: ita ce ƙofar da ta fi yawan yoyo. Kada a ɗauki hoton sakamakon wani a tura a zauren WhatsApp na ma'aikata, kada kuma a bar shi a wayar da yara da maƙwabta suke ɗauka.

Kada a ɗauka wannan tsoro ne marar tushe. A watan Mayun 2017 wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitoci da yawa a Ingila ta hanyar kwamfutocin da ba a sabunta ba, har aka soke ganin likita kusan 19,000. A 2020 kuma aka gano an yi kutse a Vastaamo, wani kamfanin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasar Finland, aka kwashe bayanan mutane kusan 33,000. Ɓarawon ya riƙa aika wa marasa lafiyan saƙo ɗaya bayan ɗaya, ko su biya ko ya watsa abin da suka gaya wa likitocinsu. Kamfanin ya durƙushe a 2021, kotu kuma ta ɗaure mai laifin shekara shida da wata uku a 2024, amma abin da ya riga ya fita bai dawo ba.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Bin waɗannan dokoki yana cikin biyayya ga shugabanni a abin da yake na alheri, tunda sun dace da manufar shari'a ta kare mutunci. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar da haƙƙin sirri ga 'yan ƙasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce bayanan mara lafiya sirri ne, ba a bayyana su sai da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu ko doka, ko buƙatar waliyyin yaro da na wanda ba zai iya ba da izini ba, ko idan ɓoyewa babbar barazana ce ga lafiyar jama'a. Sashe na 29 ya wajabta tsare bayanan, ya kuma sa hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun, ga laifuffuka irin su canza bayanai da shiga cikinsu ba izini. Dokar hana wariya ga masu ƙanjamau ta 2014 ta hana sanya gwajin cutar ya zama sharaɗin ɗaukar aiki.

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Ta wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Ta ba mutum damar neman sanin abin da aka ajiye a kansa da gyara kuskure, da kai ƙara gaban hukumar. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Tambayoyin da suke yawan tasowa

Tambaya: Ina aiki a ofishin ma'aikata, na san ciwon wani ta hanyar fayil, sai dangin wadda zai aura suka zo bincike wurina. Me zan ce?

Amsa: Nasiha ga mai neman shawarar aure wajibi ce, kuma Malikiyya sun ambaci aibobin da suke ba da zaɓin raba aure, wato hauka da kuturta da albaras da cutar al'aura. Amma abin da ka sani ta hanyar ofis ajiya ce. Ka faɗi abin da ka sani na addininsa da halinsa, ka ce musu maganar lafiya ta likita ce, su tsaya a kan gwaji. A Kano wannan ya zo da sauƙi, tunda a watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da gwajin jini na sikila. Sannan ka keɓe da shi ka tunatar da shi cewa ɓoye wa wadda zai aura abin da zai cutar da ita ha'inci ne.

Tambaya: Manaja ya matsa mini, a matsayina na nas, in gaya masa abin da yake damun wata ma'aikaciya.

Amsa: 'Yar'uwa, babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Ki ba shi amsar da ta shafi aiki kawai, cikin ladabi, ki nuna masa cewa doka ta hana ki fiye da haka kuma hanin kariya ce ga kamfanin kansa.

Tambaya: Ya halatta a sa hoton abokin aikinmu da ya ji rauni a Facebook don neman taimako?

Amsa: Ya halatta da izininsa, ko na waliyyinsa idan ba ya cikin hayyacinsa, a rufe al'aura, a taƙaita bayani. Kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin izini.

Tambaya: Sirrin yana faɗuwa idan mutum ya rasu?

Amsa: A'a. Alfarmar Musulmi tana nan bayan mutuwa, shi ya sa malamai suka so mai wankan gawa ya zama amintacce mai rufa abin da ya gani. Magada suna karɓar abin da suke buƙata don neman diyya ko wani haƙƙi.

Tambaya: Na riga na tona asirin wani. Yaya zan tuba?

Amsa: Ka daina, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba, ka goge abin da ka watsa, ka nemi waɗanda ka tura wa su goge. Idan maganar ta kai gare shi ka nemi yafiyarsa. Idan bai sani ba kuma sanar da shi zai ƙara ɓarna, wasu malamai sun ce ka yawaita nema masa gafara da ambatonsa da alheri a inda ka ɓata shi. Idan kuwa ka jawo masa asarar aiki, to ka yi iya ƙoƙarinka a mayar masa da haƙƙinsa.

Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma babu addu'ar da ta fi yawa a bakinmu kamar neman rufin asiri. Wanda Allah ya sa makullin kabad ɗin lafiyar bayinsa a hannunsa, ya sani cewa ta hannunsa ake amsa wa wasu wannan addu'a, kuma za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Allah ne mafi sani.